Tekun Harmen Ya Koma Rawaya

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, wai na bar Rinske a tsaye na yi tafiyata, na gani. Ga ta nan, ku matso. Wanda yau ya fara shigowa kuma ya zauna abinsa, zai gane inda aka kwana.

*

Bakwai saura kwata na safiyar Alhamis Rinske ta jingine kekenta a bangon shago, ko makulli ba ta tsaya sa masa ba. Yayyafi ake yi irin na garinsu Harlingen, mai tahowa a karkace daga bakin teku, duk ya jiƙa mata gefen fuska.

Shekara tara tana aikin gyaran hoto tare da mahaifinta Douwe a shagon nan, ba ta taɓa zuwa kafin ƙarfe tara ba. Shi ke buɗewa, shi ke ɗora kofi. Yau ce rana ta farko.

Satin ne ya zo mata a birkice. Ranar Litinin aka kawo littafin zane-zanen marigayi Harmen, aminin babanta, wanda ta shafe wata biyu tana gyara hotunansa ɗaya bayan ɗaya. Kwafi dubu biyu. Da shuɗin teku aka san Harmen, amma a littafin tekun ya fito da rawaya-rawaya kamar ruwan wankin kwanuka. Ranar Talata ta hau jirgin ƙasa zuwa Leeuwarden, ta tsaya a tsakiyar maɗaba'ar Bauke ta wanke shi tas a gaban ma'aikatansa. Ta dawo ta rubuta wa gidan adana zane-zane, masu littafin, cewa shi ya ɓata aikin. Jiya Laraba kuma, don ta haɗa hujjar cewa ɓangarenta lafiya lau yake, ta rataya na'urar awon launi a kan allon kwamfutarta.

Na'urar ta ce allon ne ba daidai ba.

Sau uku ta auna, sau uku amsa ɗaya: shuɗi ya yi masa yawa, yawa ba na wasa ba. Allo kuwa ba ya yi wa kansa haka. Sai ta daidaita shi, ta yanki siririn selotef ta manne maɓallan da ke ƙasansa, ta tafi gida ba ta ce wa kowa uffan ba.

Ta ƙofar baya ta shiga, ta cire takalmanta a hankali. Ɗakin gyaran hoto a rufe yake da labule kamar kullum, babu haske sai na allon.

Douwe na zaune a kujerarta.

Hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Yatsansa na ƙasan allon yana dannawa, ya ja baya ya duba, ya sake dannawa. Selotef ɗinta na manne a gefen tebur, an ajiye shi da kyau don a mayar.

"Baba."

Ya zabura har kujerar ta yi ƙara.

"Ke ce? Me ya fito da ke da sassafe haka? Kin karya kuwa?"

"Cire hannunka daga nan."

"Ƙura nake gogewa."

"Ƙurar ce a ƙarƙashin selotef?"

Ya dubi selotef ɗin, ya dube ta. Ya gyara zaman tabaransa.

"To, gyara nake yi. Jiya kin tafi kin bar shi kamar haƙoran mashayin taba. Wannan ne fari a wurinki?"

Rinske ta dubi allon. Yanzu ta fito daga hasken waje, idonta bai riga ya saba da ɗakin ba. Farin da ke kai shuɗi ne ƙarara, kamar ƙanƙara.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe kake taɓa min allo?"

"Allon shago ne, ba naki ba."

"Baba, tambayarka na yi."

"Ni kuma na ba ki amsa. Ki rage murya, ba a kasuwar kifi muke ba."

Ta cire rigar ruwanta ta jefa kan kujera. Ta tura hannunta aljihu.

"Sati uku na yi ina zaɓen allon nan. Har Groningen na je na zauna gaban guda biyar, ina duba wanda ba ya sheƙi, wanda haskensa ɗaya ne daga wannan kusurwa zuwa waccan, wanda ba ya haɗiye shuɗi da kore kamar na ofis. Ka ce iyayi ne, tsohon naka ya isa. Na yi shiru. Abu ɗaya na roƙe ka ranar da aka kawo shi. Na ce kar a taɓa maɓallan. Ka tuna?"

"Na tuna kin rataya masa kaskarki, ta mayar da shi rawaya."

Haka yake kiran na'urar awon tun ranar farko, saboda yadda take manne wa gilashi.

"Ba ta mayar da shi rawaya ba. Fari ta mayar da shi."

"In ji wa? In ji 'yar roba mai igiya? Shekara arba'in da ɗaya nake kallon launi, Rinske. Kina rarrafe a ƙasan teburin nan nake wanke hoto da hannu. Yanzu ke za ki koya min fari?"

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko na'urar, ta rataya ta a tsakiyar allon, ta danna.

Allon ya fara sauya launi. Ja. Kore. Shuɗi. Toka-toka kala-kala, daga mai duhu zuwa mai haske. Injin kofi na ta gurnani a ɗakin gaba, ba wanda ya je ya kashe.

Lamba ta fito.

"Karanta," ta ce.

"Ba na karatun ƙarya."

"To ni zan karanta maka. Dubu shida da ɗari biyar ya kamata ya nuna. Jiya da yamma haka na bar shi. Yanzu dubu tara da ɗari biyu, ƙarin duk shuɗi ne. Cikin minti nawa ka yi wannan? Goma?"

Douwe ya naɗe hannu a ƙirji.

"Ka san abin da ka sa na yi?" Muryarta ta sauka ƙasa, kuma duk wanda ya san Rinske ya fi tsoron wannan muryar a kan ihunta. "Duk farkon wata ina daidaita shi, kai kuma washegari da safe ka zo ka ƙara masa shuɗi. In zo in zauna. In ɗora zanen Harmen a gefe ƙarƙashin fitila, in ga na allo ya fi shi shuɗi, in rage. In ɗauko na gaba, in rage. Hoto tamanin da huɗu, Baba. Da hannuna na zauna na tsame shuɗin da ba shi da laifin komai. Ban taɓa zargin allon ba, don na san na auna shi. Bauke abin da na ba shi ya buga."

"Injinsa ma ai tsoho ne."

"Kar ka soma."

"Gaskiya ce. Tun zamanin ubansa…"

"Kana tsaye." Ta nuna shi da yatsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. "Ranar Talata kana tsaye a bayana, riƙe da lemata. Na ce masa makaho. Na ce ko takardar naɗe kifi bai cancanci bugawa ba. A gaban mutanensa. Kana jina, ba ka ce komai ba."

"Sauke yatsan nan."

Ta sauke. Amma ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

Ƙararrawar ƙofar gaba ta kaɗa.

"Ba mu buɗe ba," Douwe ya ɗaga murya.

"Na sani. Ni ne."

Muryar Bauke ce.

Ya shigo yana sunkuyar da kai saboda tsawo, gashinsa jiƙe, da wata doguwar takarda a naɗe cikin leda a hammatarsa. Tare suka yi firamare da Rinske. Shekara tara kuma duk littafin da ya fita daga shagon nan shi ke bugawa. Bai dube ta ba.

"Ina kwana, Baba Douwe."

"Lafiya lau. Akwai kofi."

"Ba zama na zo yi ba."

"Bauke," Rinske ta fara, "ina so in…"

"Ba wurinki na zo ba. Kin gama naki ranar Talata, kuma kin yi ƙoƙari, har direban da ya kawo takarda ya ji."

Rinske ta matsa gefe.

Ya juya ga tsohon.

"Jiya da yamma gidan zane-zane suka kira ni. Sun janye littafin bazara. Sun janye na makarantu. Sun ce sai sun ga yadda maganar nan ta ƙare. Kafin in rufe, masu littafin jiragen ruwa ma sun kira suna kame-kame, wai sun ji wani abu. Ka san garuruwan nan, Baba. In mutum ya yi atishawa a Leeuwarden, a Harlingen ake ce masa sannu. Mutum goma sha ɗaya ke aiki a ƙarƙashina."

"Zai wuce," in ji Douwe, yana kallon ƙasa.

"Ba zai wuce da kansa ba. Na yi shiru ranar Talata saboda girmanka. Na ce za ka gaya mata a hanya. Na jira Laraba. Ban ga komai ba."

"Ya gaya min me?" Rinske ta ce.

Bauke ya zare takardar daga leda ya shimfiɗa a kan tebur, ya kunna fitilar duba bugu. Gwajin bugu ne, wanda ake fitarwa a sa masa hannu kafin a saki inji. Tekun Harmen ne a kai, wanda ke bangon littafin, da rawayarsa.

"Ranar da mura ta kwantar da ke, wa ya zo duba gwaji?"

"Baba."

"Karanta gefen."

Ta sunkuya. Rubutun Bauke ne da fensir: *Rawaya ta yi yawa. A tambayi Rinske?*

A ƙasa kuma, da baƙin biro, rubutun da ta sani tun kafin ta iya karatu: *Haka yake. A buga.* Da sa hannun babanta.

Ta karanta sau biyu.

"Na ce masa in kira ki," in ji Bauke. "Ya ce kar a tashe ki, kina zazzaɓi. Na ce tekun nan bai yi min ba. Ya ce a gabansa Harmen ya zana shi, ko ni zan gaya masa kalar tekun amininsa? Me zan ce? Shi ya koya min duba launi."

Rinske ta miƙe tsaye a hankali.

"Ya nuna maka," ta ce wa babanta. "Da fensir. Ya nuna maka, ka sa hannu."

Douwe ya kawar da kai.

"Na dawo aiki na tambaye ka yaya gwaji, ka ce tsaf."

Ya kafa wa takardar ido.

"Kuma ka bi ni a jirgi, muka zauna kujera ɗaya, ka ba ni rabin burodinka da cuku, kana jina ina tsara abin da zan gaya masa."

"Ban ga rawaya ba."

A hankali ya faɗa, har sai da ta ce, "Me?"

"Na ce ban ga rawaya ba. Ban gan ta ranar ba. Ban gan ta ranar Litinin da kika buɗe littafin kina kuka ba." Ya nuna takardar da haɓa. "Yanzu ma ban gan ta ba."

Bauke ya ɗago kai.

Rinske ta juya ta ɗauko katin launuka daga kan kantar da ke jikin bango, wanda suke ajiyewa gefen kowane zane in za su ɗauki hoto. Ta ɗora shi ƙarƙashin fitila, ta sa yatsa a kan gida ɗaya.

"Wannan wane launi ne?"

"Ni ba ɗan makaranta ba ne."

"Wane launi ne, Baba?"

"Rinske, bari," in ji Bauke.

"Kai ka yi shiru. Shirunka ne ya kawo mu nan, ƙara wani." Ta koma kan babanta. "Wane launi?"

Douwe ya matso. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya daɗe yana kallo.

"Toka-toka," ya ce.

Shuɗi ne, shuɗin sararin sama.

Babu wanda ya gyara masa. A fuskokinsu ya gani.

Ya koma ya zauna. Ya sa hannu a aljihun ciki ya zaro walat, daga bayan katin banki ya ciro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Ya miƙa ba tare da ya dubi kowa ba.

Daga asibitin ido take. Rinske ta bi layukan da sauri. Yanar ido, duka biyun, na dama ya fi. An ba shi ranar tiyata. An soke. An sake ba shi wata. An soke.

"Tun watan Maris," ta ce. "Yanzu muna Oktoba."

"Na iya lissafin wata."

"Wa ya soke?"

"Ni."

"Aikin da ba ya kai awa ɗaya. Maƙwabciyarmu an yi mata, washegari tana kasuwa. Ka soke sau biyu."

"Likitan ya ce ido ɗaya, sannan a jira, sannan ɗayan, sannan sabon tabarau. Ya ce launi zai canza min, sai na sake sabawa. Wata biyu, ko uku." Ya ɗago. "Watan da za a fara littafin Harmen ke nan."

"Sai me?"

"Sai ki cire ni."

"Ni na ce zan cire ka?"

"Ba sai kin ce ba. Da kin ce Baba huta, Baba zauna ka sha kofi, Baba bari ni da kaska mu yi. Na san ki. Ni na haife ki." Muryarsa ta fara tashi. "Shekara hamsin muna tare da mutumin nan. Ni na ɗauki hoton zanensa na farko a ɗakin uwarsa. Ni na riƙe masa kai a asibiti. Littafi ɗaya za a yi masa a duniya, ɗaya, sai a yi shi ina kwance da auduga a ido?"

"Sai ka gwammace a yi shi da rawaya."

"Ban san zai kai haka ba. Na ɗauka kaɗan ne. Na ɗauka allonki ne ya yi mugun rawaya, na ce in ɗan taɓa…"

"Ranar Litinin fa? Ranar Litinin ka sani."

Douwe ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, kuma yau da safe ka ɓare selotef ka sake dannawa."

"Ina so in ga tekun ne." Ya juya ga allon, inda na'urar ke rataye har yanzu. "Yadda kika bar shi, ba na ganin komai sai laka. In na ƙara, sai ya ɗan dawo. Minti goma nake zama da shi kafin ki zo. Da na mayar miki."

"Mayar da shi ina? Da wane idon?"

Maganar ta fita kafin ta tare ta. Ta ga yadda ta same shi, kafaɗunsa suka sauka. Wani sashe na zuciyarta ya so ta durƙusa ta riƙe hannunsa. Amma ta dubi takardar gwajin, ta dubi Bauke da ke tsaye ruwa na ɗiga daga rigarsa, sai fushin ya dawo sabo.

"Da idonka kawai ka ɓoye, da sauƙi," ta ce. "Ciwo ne, kowa na yi. Amma ka bar ni na ɗauki ƙaryarka na kai ta har ƙofar mutum na zuba masa. Ka mayar da ni abin da ban taɓa zama ba. Na rubuta sunansa a saƙo, Baba. Na sa hannu."

"Ba ni na ce ki rubuta ba. Zafin kanki ne, irin na uwarki."

"Kar ka sako Mama a nan."

"To ki daina yi min magana kamar yaron shagonki."

"Ya isa," in ji Bauke. Bai ɗaga murya ba, amma suka tsaya. "Ku yi faɗanku in na tafi. Ni abin da ya kawo ni ɗaya ne. Hotunan na asali suna nan?"

"Suna nan," in ji Rinske. "Ban taɓa su ba, kwafi nake gyarawa."

"Saura kwana tara a buɗe baje kolin zanen Harmen. In kika ba ni su a gyare ranar Litinin, zan tsayar da komai in buga. Ɗinki da bango su ci kwana huɗu. Zai yi, da ƙyar."

"Hoto tamanin da huɗu cikin kwana huɗu."

"Ke kika san wannan. Amma ba zan kunna inji ba sai an wanke sunana. A rubuce, wurin mutanen da kika rubuta wa. Ba don ni ba, don ma'aikatana."

"Zan rubuta yau."

"Ki ce me?"

Rinske ta dubi babanta.

Ta ce me? Cewa Douwe Algra, wanda gidajen zane-zane uku ke aiko wa aiki saboda idonsa, ba ya bambance shuɗi da toka? Ranar da wannan ya fita, shekara arba'in da ɗaya sun tafi. Duk littafin da ya taɓa sa wa hannu sai an ɗauko an sake dubawa ana taɓe baki.

"Zan ce allona ne ya kauce ban lura ba," ta ce.

"Sa hannun fa?" Bauke ya taɓa takardar. "Suna da kwafinta. Za su ga na yi tambaya, za su ga wanda ya ce a buga."

"Sai in ce ni na gaya masa ta waya ya sa hannu."

"Wata ƙaryar ke nan a kan ta farko."

"Tawa ce ai. Ina ruwanka?"

"Ba wanda zai ɗauki laifina," in ji Douwe.

Rinske ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Tun Talata wani ke ɗauke da shi, ba ka ji nauyi ba. Sai yanzu?"

Ƙararrawar ƙofa ta sake kaɗawa.

Duka ukun suka juya. Bauke bai rufe ƙofar da makulli ba da ya shigo.

Ƙarar sanda ce a kan katako, a hankali, taku ɗaya-ɗaya. Rinske ta san wannan takun. Ta ninke takardar asibitin da sauri ta ɓoye a bayanta.

Gwaggo Tineke ce, matar marigayi Harmen. Shekararta saba'in da shida, ƙaramin jiki gare ta, amma ba a taɓa ganin wanda ya katse ta tana magana ba. Da littafin a hannunta, ta sa yatsa a tsakiyarsa.

"Ashe duk kuna nan," ta ce. "Ya rage min wahala."

"Gwaggo, ina kwana. Ga kujera."

"Na zauna a mota, ya ishe ni." Ta dubi Bauke sama da ƙasa. "Kai kuma har kana da fuskar zuwa nan."

Bauke ya sunkuyar da kai.

Ta ajiye littafin a kan tebur ta buɗe. Zanen ƙarshe ne da Harmen ya yi, daga tagar ɗakinsu, wata biyu kafin ya rasu.

"Kwana uku ina kallon shafin nan," ta ce. "Mutumin nan ya yi shekara hamsin yana neman shuɗi ɗaya. Hannunsa na rawa ya gama wannan, ni nake riƙe masa kwanon fenti. Aka mayar min da shi fitsarin doki."

"Gwaggo, za a sake bugawa," in ji Rinske. "Yanzu muke maganar…"

"Za a sake, amma ba a wurin wannan ba. Shugabar gidan zane-zane ce ta kawo ni, tana waje tana neman wurin ajiye mota. Ta ce akwai wata takarda da aka sa wa hannu da ba ta gane ba, tana so ta ji daga bakin Douwe kafin ta yanke hukunci. Na ce mata ba sai ta wahala ba. Na ce in duk garin nan za su yi kuskure a kan zanen Harmen, ban da mutum ɗaya."

Ta juya ga tsohon, fuskarta ta yi laushi a karo na farko.

"Kai ne idonsa, Douwe. Haka yake cewa. Ka gaya mata abin da yaron nan ya yi, a gama."

Rinske ta matse takardar da ke bayanta har ta ji ta yage.

"Gwaggo, laifina ne," ta ce da sauri. "Allona ne ya…"

"Ba da ke nake ba."

A waje aka rufe ƙofar mota. Takalmi mai tsini ya fara takowa kan duwatsun titi.

Douwe ya dafa tebur ya miƙe. Ya cire tabaransa ya ajiye a kan littafin. Ya tako har gaban matar amininsa, kusa sosai, ya tsaya yana kallon rigar sanyin da ke jikinta.

"Baba Douwe," in ji Bauke, "ba sai a gabanta ba."

Bai ko waiwaya ba.

"Tineke," ya ce, "rigar nan da kika sa, wace kala ce?"

Ta dubi rigar, ta dube shi.

"Wace irin tambaya ce wannan? Kai ka saya min ita."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.